Na ce wa Baba ambaliya aikin mutane ce, ya daina amsa gaisuwata

Wani ɗanmu ya rubuto daga Maradi:

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne, shekarata 29. A damanar 2024 ruwa ya kayar da ɗaki uku da katanga a gidanmu na gado, can tsohuwar unguwa ta gangaren gulbi. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Tun lokacin su Baba ke maleji a ɗaki biyun da suka saura. Yanzu na tara ƴan kuɗi, na ce ko dai a sayar a koma tudu, ko a ɗaga harsashi da siminti. Baba ya ce ginin ƙasa za a mayar yadda yake, wanda ya aiko ruwa shi ke tsarewa. A ƙofar gida muke, abokansa na zaune, sai na ce: 'Baba, wannan fa ba daga Allah ba ne, mutane ne suka ɓata yanayi.' Ba haka nake nufi ba, amma haka ta fito. Ya ce boko ya kai ni inda yake tsoro, ya kaɗe riga ya shige. Yau wata biyu, in na gaishe shi hannu kawai yake ɗagawa, kuɗin cefane ma ya mayar mini ta hannun ƙanena. Wani abokinsa kuma ya tare ni ya ce tun zamanin Turawa gulbi ya taɓa cinye garin nan, to a lokacin hayaƙin wa? Na rasa amsa. Malam, sauyin yanayin nan yin kansa ne ko mutane ne? Kuma yaya zan yi da Baba, ga damana na tafe?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya mayar muku da alherin abin da ruwa ya ci, ya sanyaya zuciyar mahaifinka.

Ka sa tambayar yanayi a gaba, ni kuwa da ta Baba zan fara, don ita ce ba ta jira.

Ka saurari maganar nan da kunnensa. Dattijo na zaune kan tabarma cikin sa'o'insa, mutanen da suka ci goron sunanka, sai ɗan da ya kai makarantar allo da hannunsa ya buɗi baki ya ce wani abu ya faru a duniya ba daga Allah ba. Hayaƙi da masana'antu duk ba su shiga kunnensa ba. Abin da ya ji shi ne ɗansa ya taɓa imani, kuma a bainar jama'a. Ga kunyar idon abokai, ga tsoron abin da kake shirin zama, kuma a ganina tsoron ya fi kunyar nauyi. Uban da ke kwana a ɗaki biyu da iyali, ya mayar da kuɗin cefane alhali yana bukatarsu, yana gaya maka ne akwai abin da ya fi masa tuwo.

Wata biyu sun isa. Ka sami baffanka, ko amininsa, ko ma shi wannan da ya yi maka zancen gulbi, tunda ya damu har ya tsaya yi maka magana. Ka ce ka yi suɓul da baka, kana son ya raka ka. Ku je bayan isha'i, in ƙofar gida ta watse. Ka durƙusa ka ce: "Baba, na yi kuskure. Bakina ya faɗi abin da babu shi a zuciyata. Ba abin da ke motsi sai da ikon Allah. Ku yafe mini." Daga nan ka ja bakinka, kada wata "amma" ta biyo baya. Kuma tunda a gaban mutane ka yi ɓarin, washegari in majalisa ta cika ka je ka gaishe su ka maimaita a taƙaice. Wannan ba dabarar shawo kansa ba ce, abin da ka faɗa ɗin ko a wurinka ba daidai ba ne, kai da kanka ka rubuta haka. Zancen gini ka bar shi ya huce ko da mako guda ne.

Ni malamin gona ne har na yi ritaya, amma abin da zan faɗa yanzu ko a zauren karatun unguwa an san shi. Tambayar wa ya ƙaddara daban, tambayar ta wace hanya abin ya zo daban. In zazzaɓi ya kama jikansa, Baba zai ce Allah ya kawo, ya kuma ce a ɗaura sange a kai yaro likita, bai taɓa ganin waɗannan sun yi karo ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah ake yi? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, ya kawo misalin mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako, duk inda ya kora su da ƙaddara ya kora. Aya ta 41 a Suratur Rum kuma ta ambaci ɓarna da ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Da ka ce "Baba, Allah ne ya kawo, amma hannun mutane na cikin sababi", wataƙila da shi zai fara gyaɗa kai, don tsofaffinmu sun daɗe suna cewa halin mutane ya canza, shi ya sa damana ta canza.

To, mu zo kan abokin Baba. Gaskiya ya gaya maka. A 1945 gulbi ya cika ya shafe tsohon garin Maradi da ke cikin kwari, abin da ya sa aka sake zana gari a kan tudu ke nan. Zan ma ƙara masa hujja. A Dabus, arewa da Agadas, akwai siffofin raƙuman dawa waɗanda mutanen zamanin da can suka sassaƙa a jikin dutse, a wurin da yau ko akuya sai ta sha wahala. A cikin Tenere, a Gobero, an tono ƙasusuwan dorina da manyan kifaye. Daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara na da tafkuna da ciyawa, kuma ba mota ko ɗaya a duniya. Abin da ya kawo wancan ruwa ya kuma ɗauke shi shi ne ƴar karkata da sauyin kewayen da duniya ke yi wa rana, abu mai tafiya a hankali cikin dubban shekaru. Yanayi na sauyawa da kansa, babu masanin da ke musun haka.

Sai dai tsawa na tada gobarar daji tun kafin a ƙera ashana, wannan bai wanke maharbin da aka gani da ashana a bakin dajin da ya ƙone jiya ba. Kowace gobara sai an bi sawunta. Masana sun bi sawun zafin da ake ciki yanzu, ɗaya bayan ɗaya. Rana ce ta ƙara wuta? Tun 1978 taurarin ɗan adam ke auna ƙarfinta, tana ɗan hawa tana sauka duk shekara 11, amma ba ta ƙaru ba, zafin duniya kuwa sai hawa yake. Duwatsu masu aman wuta ne? Wanda ya fashe a Pinatubo ta ƙasar Filifin a 1991 sanyaya duniya ya yi da wajen rabin digiri na shekara biyu, saboda ƙurarsa ta tare hasken rana, kuma iskar kabon da dukkan irin waɗannan duwatsu ke fitarwa a shekara kamar kashi 1 ne cikin 100 na wadda mutane ke fitarwa. Kewayen duniya kuwa ya yi nawa ƙwarai, ba zai yi wannan aiki cikin shekara 150 ba.

Wanda aka kama da ashana ita ce iskar kabon ɗin, wadda ke fita in an ƙone kwal, esansi, gazuwal da gas. Ba ta da launi, ba ta da wari. Hasken rana na ratsa ta ya sauko, amma zafin da ƙasa ke mayarwa sama sai ta riƙe wani sashe, kamar bargo. Ka ɗauka iska ƙwayar hatsi ce, ka ƙirga ƙwaya miliyan guda. Kafin zamanin injuna, 280 daga ciki ne kabon. Da Charles Keeling ya fara aunawa a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ya sami wajen 315. Yau an haura 420. Iskar da ta maƙale cikin tsohuwar ƙanƙarar kudancin duniya ta nuna cewa cikin shekara 800,000 ba a taɓa wuce wajen 300 ba. Kuma ba jiya aka ƙirƙiro zancen don a sami tallafi ba, tun 1896 wani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya zauna da alƙalami ya lissafa cewa ƙaruwar iskar nan za ta ɗumama duniya.

Hujjar da ta fi kama hankalina, kuma za ka iya kai wa ɗalibanka, ita ce wannan. Da rana ce ta ƙara zafi, da sama da ƙasa duk sun ɗumama tare. Abin da aka auna kuwa shi ne iskar da ke kusa da mu na zafi, ta can ƙololuwa tana sanyi. Ka taɓa bayan bargon wanda ya lulluɓa lokacin sanyi, za ka ji shi da sanyi, shi kuwa a ciki yana gumi. Shi ya sa a 2021 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce babu sauran shakka ayyukan mutane ne suka ɗumama duniya, da wajen digiri 1.1 in an gwada da ƙarshen ƙarni na 19. Digiri ɗaya a baki ba komai ba ne, amma ka tuna azumin 2024. Ran 3 ga Afrilu garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, mu ma nan dare ya ƙi sanyi, tsofaffi suna jiƙa zane suna shimfiɗawa kafin su iya runtsawa. A kan zafi, amsarka a fili take: mutane ne sababi.

Ruwan sama ya fi haka sarƙaƙiya, kuma a nan nake so ka sassauta murya.

A 1984 ina matashin malamin gona a wani ƙauye arewa da nan. Na ga hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Na ga makiyayi ya kawo saniya kasuwa tana tangaɗi, ya karɓi abin da bai sayi rabin buhu ba, ya tsaya yana kallonta har aka ja ta. Ga gwamnatin Buhari ta Najeriya ta rufe iyaka, shi ya sa har yau wasu ke kiran yunwar El Buhari. A lokacin, daga mu har manyanmu, laifin a kan talaka muke ɗora shi: kun sare itace, kun yi kiwo ya wuce kima, kun jawo hamada. Wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo wannan bayani a 1975, aka yi ta yayatawa. Sai a 2003 bincike ya nuna babban abin da ya janye mana ruwa a shekarun 1970 da 1980 sauyin zafin tekuna ne, Atilantika da tekun Indiya. Wani sashe na wannan kai-komon teku ne na asali, wani sashe kuma an danganta shi da hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka, wanda ya sanyaya arewacin Atilantika, damana ta ja baya zuwa kudu. Har yau in na tuna yadda muka tsaya gaban mutanen da yunwa ta rame muna gaya musu su suka jawo wa kansu, raina na ɓaci.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, amma da wani hali. Yakan yi kwana goma sha babu ɗigo har shuka ta yi yaushi, sannan ya zubo na mako biyu cikin dare ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin laima wajen kashi 7 cikin 100, ranar da za ta sauke kuwa sai ta sauke duka. Wani bincike da aka wallafa a 2017, daga hotunan taurarin ɗan adam na shekara 35, ya gano manyan hadarurruka mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Damanar da ta ci ɗakunanku ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan guda, jiharmu na kan gaba wajen rasa rayuka, tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe, kai ma ka tuna sai ƙarshen Oktoba kuka koma aji. Masanan da suka yi nazarin ruwan wannan shekara a yankin kogin Kwara da tafkin Cadi sun kiyasta ɗumamar duniya ta ƙara masa ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin 100. Ka lura da adadin. Ambaliya tsohuwar baƙuwa ce a Maradi, abokin Baba bai yi ƙarya ba. Abin da hannun mutane ya yi shi ne ƙara mata nauyi da yawan zuwa. Wannan ce amsar da za ka ba shi, cikin ladabi, in ya sake tambaya.

Kuma in ka ce "mutane", ka faɗi waɗanne. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na wannan iska a shekara. Abin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa ya ninka na ɗan Nijar fiye da sau 100. Murhun Inna da babur ɗin ƙanenka ba su ne suka ɗumama duniya ba.

Amma akwai namu kason, kuma shi ne ya fi kusa da katangarku. Garin da ya yi ta faɗaɗa har cikin hanyoyin ruwa, lambatun da leda da yashi suka toshe, tudun da aka share ƙwal ruwa ke gangarowa a guje da rairayi. Ruwa iri ɗaya kan sauka a unguwa biyu, ɗaya ta kwana lafiya ɗaya ta kwana tsaye. Wannan ba sai an je taron ƙasashe ba.

In kana son ƙofar shiga zuciyar Baba, ta gona ce. Ka tambaye shi irin hatsin da kakanka ke shukawa, da dalilin da ya sa mutane da yawa suka bar maiwa suka koma iri mai saurin nuna. Ka tambaye shi gawo nawa ke gonarku kafin El Buhari, nawa ne yanzu. A nan jihar Maradi ne, daga 1983, Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya, ya lura cewa ƴan tsirran da muke sassabewa duk bazara kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka karɓi abin suka mai da shi nasu, sassaben zamani: ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututturen sabara ko kalgo ko gawo, ka datse sauran, ka bar su su tashi. An kiyasta itace miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a ƙasar nan ta wannan hanya, yawancinsu a Maradi da Damagaram. Mutanen da suka yi wannan aiki sa'o'in Baba ne, masu fita roƙon ruwa in damana ta tsaya, su dawo su ɗauki gatari su gyara gawo. Kada ka shigar masa da wannan a matsayin tarko. Ka tambaya don ka ji, yana da lissafin damana hamsin a kansa wanda babu shi a littafinka.

Sayar da gida kuwa, ka janye wannan magana yanzu. Gidan gado ba naka kai kaɗai ba ne, ba ma na Baba shi kaɗai ba ne in akwai ƴan'uwansa. A nan masallacinsa yake, nan majalisarsa, nan aka fitar da gawar iyayensa. Ka haɗa masa wannan da waccan magana a zama ɗaya, dole ya ji kamar tumɓuke shi ka zo yi. Sai fa in ma'aikatar magajin gari ta sa wurin cikin inda ta hana sake gini, ka je ka tambaya, in haka ne dattawan dangi za su faɗa masa, ba kai ba.

Abin da nake ganin zai yiwu shi ne a ba kowa nasa. Baba na son ginin ƙasa, kuma yana da hujja, ɗakin ƙasa ya fi na bulo da kwano sanyi nesa ba kusa ba, ga zafin da muka gama zancensa. Ginin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa, in ruwa ya kwanta a gindinsa ya jiƙa shi, sai kuma ta sama in rufi na yoyo. To a yi harsashi da dutse da siminti, a ɗaga shi ya wuce inda ruwan 2024 ya tsaya, tubalin ƙasa ya hau daga nan. A cike tsakar gida ta karkata zuwa waje, a buɗe wa ruwa mafita a gindin katanga, a sa indararo masu tsawo da za su jefa ruwa nesa da bango, a yi yaɓe kafin ruwan farko. Kada wannan tsari ya fito daga bakinka. Ka nemo tsohon maginin da Baba ya yarda da shi, ka biya shi ya zo dubawa. Shi zai duƙa ya nuna shatar da ruwa ya bari a jikin ɗakin da ya tsira, ya ce "Alhaji, nan ya kai, sai mu wuce shi da taƙi biyu", Baba ya ce to. Kai naka ciro kuɗin siminti.

Ɗaki biyun da suke ciki ma a duba su, sun sha ruwa sau ɗaya, ƙafarsu ba kamar da ba ce. Bangon da ya jiƙu sau da yawa bayan an ɗauke ruwa yake zubewa, cikin dare, mutane na barci. Ka shirya da Inna tun yanzu: duk daren da aka yi ruwa mai yawa a watan Agusta, ita da yara da tsofaffi a ina za su kwana, wa zai zo ya ɗauke su. In ɗakinka na kan tudu, ka ce wa Baba jikoki ne ke son kwana da shi.

Tubali na son rana kafin ya bushe, magina kuma in Mayu ta kama ba a samunsu. Ka je wurin baffan naka cikin makon nan, kuɗin cefanen da aka mayar maka kuma ka riƙe su a aljihu, in Baba ya sa maka albarka ka ajiye su a gefen tabarmarsa da hannunka.